Ba Yau Ba

A wani zamani an yi wani manomi da akuyar maƙwabcinsa ta cinye masa shuka. Maƙwabcin ya zo ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini."

Manomi ya ce, "Ba yau ba."

Da kaka maƙwabcin ya dawo da damin gero. Manomi ya ce, "Ba yau ba."

Da maƙwabcin ya kwanta ciwo, ya aiko ƙaninsa neman gafara. Manomi ya ce, "Ba yau ba."

Ranar da manomi ya huce ya je gidan maƙwabcin, ya tarar ana zaman makoki.

Ƙanin ya ce, "Yaya, har ya cika, duk wanda ya yi sallama sai ya tambaya ko kai ne."

Manomi ya durƙusa, ya rufe fuskarsa.