Goron da Aka Mayar

Ranar da Khairunnisa ta fara ganin Munzali, gumi yake haɗawa kamar wanda aka koro. Ya faɗo ɗakin karatun jami'a a Daura, inda take aiki, rungume da takardu, injin hoton takardu kuma ya zaɓi ranar ya yi yaji.

"Malama, ki taimaka don Allah," ya ce. "Jami'a ta ware tallafi ga malaman da za su buɗe wa ɗalibai hanyar karatu a ƙasar waje. Yau ake rufe karɓar takardu. In ban kai ba, sai baɗi."

Ta kai wa injin duka ɗaya a kwiɓi, sai ga shi ya tashi. Munzali ya saki baki.

"Haka ake lallashinsa," ta ce, tana danne dariya.

Daga ranar malamin sashen noma ya zama mai yawan neman littafin da ba ya karantawa. Kafin wata uku, saƙonsa ne ke fara gaishe ta da safe.

"Khairina, an ba ni tallafin! Ɗalibai goma sha biyu za su yi zango guda a wata jami'a a Damagaram, su koyi noman gero a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ƙanwarki Raihana ma ta ci jarrabawar shiga. Ni kuma saura jarrabawata a gidanku."

Khairunnisa ta karanta, murna ta taso, tsoro ya danne ta. Shekara shida da suka wuce, wani mutum mai tsabtar riga ya zo garinsu Baure da fom, yana karɓar hotunan samari da sunan aiki a waje. Yayanta Sada ya bi shi. Daga tashar mota ta Damagaram ya yi kira na ƙarshe, ya ce sun nufi Agadas. Tun daga nan mahaifinsu, Malam Maliki, wanda ya yi shekara talatin yana fataucin shanu a kan wannan hanya, bai ƙara ƙetare iyaka ba, ko sunan Damagaram ba a ambata a gabansa.

Kullum tana cewa gobe za ta faɗa wa Munzali. Tsoro take kada ya ga gidansu da nauyi ya ja da baya, sai goben ta yi ta gudu har ranar gaisuwar iyaye ta zo.

Munzali mutumin ofis ne, yana son jifa ɗaya ya gama aiki biyu. Da ya ga baffansa Nagoggo zai je Baure nema masa aure, sai ya miƙa masa ambulan ɗin takardar amincewar iyaye ta Raihana, a sa hannu a huta da tafiya biyu. Baffa Nagoggo kuwa, da ba ya son kaya biyu a hannu, ya soke ta cikin huhun goron.

Khairunnisa na tsakar gida, ta jingina da bangon zaure tana saurare. An gaisa, an yi addu'a, aka buɗe goro. Sai ta ji shiru.

"Wannan fa?" muryar mahaifinta ce. "Hoton Raihana ne."

"Ai alheri biyu muka kawo, Malam," in ji Nagoggo cike da fara'a. "Yaron namu zai kai ta Damagaram karatu. Hannu kawai za ka sa a nan."

Khairunnisa ta ƙara matsawa jikin bango.

"Na taɓa sa hannu a irin wannan," Malam Maliki ya ce a hankali. "Ɗaya na bayar, har yau ina jira. Yanzu an zo da goro a ɗauki biyu. Ku ɗaure kayanku. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kowa ya san ma'anar goron da aka mayar. Khairunnisa ta durƙushe a wurin, Inna ta ja ta ɗaki. Da la'asar ta kira Munzali tana kuka, ta ba shi labarin Sada daga farko har ƙarshe.

"Laifina ne, Malamina. Na ɓoye maka."

"Nawa ne, Khairina. Wane mai hankali ke haɗa fom da goron aure?"

Sati biyu gidan ba daɗi. Raihana ta daina cin abinci, Malam ya daina hira. Wayar Khairunnisa na yin ƙara gabanta zai faɗi, don ta tabbata saƙon ban kwana ne. Sai wannan ya shigo:

"A cikin tallafin akwai ziyarar duba wurin kafin ɗalibai su tafi. Na roƙi kwamiti su bar ni in tafi da wakilin iyaye, sun yarda. Gobe zan zo in roƙi Baba ya zama shi ne. Ki yi mini addu'a."

Ya zo shi kaɗai, ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a rana.

"Baba, ban zo da takarda ba. Ba ka sayen saniya sai ka zagaya ta da idonka. Ka zo ka zagaya wurin. In bai yi maka ba, da hannuna zan cire sunan Raihana, ba za ka ƙara ganin ƙafata a nan ba."

Malam Maliki ya dube shi. "Kwana nawa?"

"Uku."

"Inna," ya ɗaga murya, "ɗauko mini jakar fatata."

Khairunnisa ta bi jakar da kallo. Hanyar da ta cinye yayanta ce za ta ɗauki mahaifinta da masoyinta a mota ɗaya.

Suna ƙetare iyaka layin waya ya ɗauke. Kwana uku suka cika, babu su. Rana ta huɗu Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, inda ta taɓa zama wata guda tana jiran Sada, ganin haka ya sa Khairunnisa ta koma kan waya. Ta tura saƙo ya fi ashirin, ko ɗaya bai shiga ba.

"Malamina, na yafe auren in shi ne matsalar. Ku dawo kawai."

Da hantsin rana ta biyar wata motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Malam Maliki ya fito, Munzali na bayansa riƙe da jakar fata, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsage. Inna ta fashe da kuka, Khairunnisa ta riƙe ƙyauren ƙofa tana kallonsu.

Sai da Malam ya sha fura sannan ya yi magana, a tsakar gida, kowa na ji.

"Na ga makarantar. Na ga ɗakin kwanan mata, da katangarsa, da dattijuwar da ke riƙe da makulli. Kwana ɗaya ya ishe mu." Ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu. "Sauran kwanakin tasha muka yi. Ban roƙe shi ba. Ya ga ina juya hoton Sada a mota, ya karɓa, ya ce mu je. Tasha-tasha ya bi da shi a rana, direba-direba, har gidan fatomana, mai masaukina na da. Ba mu samu labari ba."

Ya shafa hoton da yatsa.

"Amma shekara shida ke nan ban ji baƙo ya kira sunan ɗana ba. Wannan yaron ya kira shi ya fi sau ɗari. Raihana, kawo takardarki."

Ya dangwala yatsa a kai, ya juya wajen Munzali da ke tsugune. "Ka ce wa Nagoggo ya sayo wani goron. Wancan ya bushe."

"Bai bushe ba, Baba," Munzali ya ce, kansa a ƙasa. "Na hana a raba. Kullum da safe nake yayyafa masa ruwa, da zan tafi kuma na bar wa Baffa amanarsa."

Inna ta yi dariya da hawaye a fuskarta, Khairunnisa ta ruga ɗaki ta rufe fuska da mayafi.

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a Baure, Raihana ta dawo daga Damagaram da kwana tara, tana yi wa kowa bayanin irin gero. Da za a tafi da amarya, Malam Maliki ya kama hannun Khairunnisa ya ɗora a na Baffa Nagoggo.

"Wannan ba fom," ya ce. "Na san inda za ta, na kuma san wanda zai neme ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

A mota wayarta ta yi ƙara. Wannan karon gabanta bai faɗi ba.

"Khairina, in Allah ya ba mu namiji, na riga na roƙi Baba sunan. Ya ce a sa Sada."