Mai Wuri a Jaka

Har yau Tajuddeen bai manta da safiyar ba. Yana tuƙa bas ɗinsa a titi na 125 ya taka birki da ƙarfi, sai ga jakar wata budurwa ta kife, ƙwayoyin wuri, irin kuɗin da, suka tarwatse har ƙarƙashin kujeru. Da suka kai tashar ƙarshe, shi ya durƙusa ya taya ta tsincewa.

"Baiwar Allah, duba kike yi?" ya tambaya cikin tsokana.

Ta harare shi, sannan ta yi dariya. "Sunana Hamdatu. Karatun halittun teku marasa ƙashin baya nake yi, su kaguwa da dodon koɗi da wuri."

Wayyo, wannan dariyar ce ta gama da shi! Tun daga ranar wayarsa ba ta huta ba.

"Mai wurina, na wuce tasharki ban gan ki ba. Bas ya cika, amma ni fanko nake ganinsa."

"Direbana, ka kalli titi. Ina son ka da ranka."

Shekara guda suna haka, ya kai maganar aure gida. Ashe Hawawu, maƙwabciyarsu da ta daɗe tana sonsa, ta riga shi. Ta ga wurin a jakar Hamdatu wajen wani suna, ta kai wa mahaifiyarsa, Hajiya Zuweira. Hajiya kuwa ta faɗa wa matan masallaci cewa 'yar bori ce ta kama mata ɗa.

"Mma, wallahi bincike take yi," in ji Tajuddeen.

"Binciken me? Tun muna Kumasi na san masu yawo da wuri. Ba a gidana ba!"

Maganar ta kai kunnen Hamdatu, saura mako uku ta tafi tsibiran Maldives aikin shekara biyu. Ta turo masa saƙo:

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidan da ake kirana mushrika ba. Idan na tafi a haka, kada ka jira ni."

Hankalin Tajuddeen ya tashi ƙwarai. Ya yi roƙo, ya yi magiya, har Hajiya ta yarda ta bi shi ɗakin binciken Hamdatu, wai ta je ta kama yarinyar dumu-dumu.

Hamdatu ta gaishe ta da ladabi, ta kai ta gaban wani akwatin gilashi mai ruwa.

"Mma, ki duba nan."

Hajiya ta gyara tabarau. Wuri ne, amma tafiya yake yi! Ya lulluɓe bayansa da wani nama mai laushi, ya miƙo 'yan ƙahonni biyu yana kiwo a jikin dutse.

"Subhanallahi! Rai gare shi?"

"Rai gare shi, Mma. Ruwan tsibiran yana ƙara zafi, shi ne nake son in gano yadda suke jurewa."

Hajiya ta ƙara matsawa kusa da gilashin. "Kakata tana da su cike da ƙwarya," in ji ta a hankali. "Muna yara da su muke wasa a tsakar gida. Har ta rasu ba ta san halitta ce mai ci da sha ba." Ta share ido da bakin mayafi.

An ɗaura aure saura kwana huɗu tafiya. Wajen walima a titi na 116, Hajiya ta miƙe tsakiyar mata, ta kamo hannun amarya.

"A gabanku na ɓata sunan yarinyar nan, a gabanku zan wanke shi. Ban sani ba na faɗa. Hamdatu, 'yata, ki yafe mini."

Hamdatu ta faɗa jikinta tana kuka.

"Je ki yi aikinki," in ji Hajiya. "Shi zai jira, ni ma zan jira. Allah ya yi muku albarka, ya dawo mana da ke lafiya."

Tajuddeen yana bakin ƙofa, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.