Kan da Bai Cire Hula Ba

Da sufeto ta isa shagon aski, an riga an rufe ɗan mai shagon a ofishin 'yan sanda. Takardar filin gidansu ta ɓace, uban kuma da bakinsa ya ce ɗansa ya miƙa wa.

Haushi ya kama ta, don babu wanda ya damu ya tambayi likita. Ita ta tambaya. Tun da babur ya buga kan mai askin da ƙasa, ba ya gane fuska, ba ya gane murya, ko da ta matarsa ce.

"To, yaya kake sanin mutane, baba?"

"Da hannu, ranki ya daɗe. Shekara talatin ina aski. Kowa ya shigo sai ya cire hula in shafa kansa."

"Wanda ya karɓi takardar ya cire?"

"Bai cire ba. Ya ce shi ne ɗana, sauri yake, lauya na jira. Ƙeyarsa kawai na taɓa. Akwai wani ƙullutu, na ɗauka ƙurji ne ya fito masa."

Sufeto ta yi murmushi. Baƙo ba ya tsoron cire hula, sai wanda hannun nan ya sani.

Mutum biyu ne suka san da takardar ban da ɗan: ƙanin mai askin da surukinsa. Ƙanin ya rantse yana asibiti ranar. Surukin ya ce rabonsa da shagon wata uku, alhali askin kansa bai kai sati ba.

Ta sa aka kawo su duka ukun har da ɗan, ta zaunar da su a benci.

"Kada wanda ya yi magana. A cire huluna."

Mai askin ya shafa kan farko, ya wuce. A na biyu yatsunsa suka sauka ƙeya, suka tsaya a kan ƙullutun.

"Mijin 'yata," ya ce a hankali. "Ka hana ni aske maka ƙeya ranar Talata. Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan."

Surukin ya zube ƙasa. "Na ɗauka ba za ka taɓa ganewa ba, baba. Takardar tana cikin motata."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Tsohon ya dafa kai na uku, ya daɗe bai ɗauke hannu ba, hawaye na zuba.

"Wannan nawa ne. Ku sakar mini shi."