Tukunyar da Barmo Ya Ƙi Fasawa

A kasuwar Madawa suka fara haɗuwa, shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin Turawa. Furera na zaune bayan tukwanen da suka gina ita da innarta, sai ga wani dogon saurayi ya tsuguna yana ƙwanƙwasa su.

"Ƙanwata, kina gina mini tukunya mai huda bakwai a ƙasa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Tukunya kake biɗa ko rariya?"

Ya yi dariya, ita ma ta kasa riƙe tata. Sunansa Barmo, manomin albasa daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Ya ce sun tafi kurmi fataucin goro da wansa Kalla, ajali ya riski Kalla a can. Gefen kabarin ya ga wani tsiro mai kai kamar albasa da fure ruwan hoda, ya tono shi ya zo da shi gida.

"Ana ci? Ko magani ne?"

"Ko ɗaya. Na shayar da shi irin na albasa, saura kaɗan ya ruɓe. Ba shi son ruwa ya kwana mishi."

Ta gina tukunyar. Shi kuwa ya mai da hanyar gidansu kamar ta masallaci. Yana kiranta Magina, ita tana kiransa Mai Rariya. Ya nuna mata yadda ake zuba tsingaro a ƙasa, sai gawayi da ɓawon itace, a ɗora tukunyar bisa duwatsu cikin inuwar rumbu, a kewaye ta da toka saboda gara, da ƙaya saboda awaki. Furera ta kamu da sonsa, ba ta ma ɓoye ba.

To, ka san mutane! Kakannin Barmo Azna ne, ubansa ne ya fara salla. Alƙasim, wanda ya daɗe yana neman Furera tana yi masa kunnen ƙashi, ya hango tukunya da toka kewaye da ita. Kafin sati labari ya cika gari, wai Barmo ya koma tsafin gidansu.

Malam Habu, uban Furera, ya yanke magana. "Shi hwasa ta gaban jama'a. In ya ƙiya, babu shi babu ɗiyata."

Furera ta aiki goggonta da saƙo: "Mai Rariya, yumɓu ne kawai. Ka fasa, in gina maka goma."

Goggo ta dawo da amsa: "Magina, wallahi ke ce raina. Amma in na fasa, na yarda ke nan tsafi ne, kuma na yasar da abin da ya rage mini na Kalla. Ba ni fasawa."

Kwana biyu tana kuka, wai ya fi son ciyawa da ita. Rana ta uku kukan ya koma fushi, amma ba da Barmo ba. Ta ɗaura gyauto, ta taka har gidan su Barmo, ta ɗauki tukunyar a ka. Barmo ya biyo ta yana "Lafiya? Lafiya?" ba ta ko waiwaye shi ba, sai ƙofar Maigari, inda dattawa ke zaune da hantsi, har da ubanta, ga kuma Alƙasim a gefe.

Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta juye tukunyar bisa tabarma a hankali.

"Baba, ku duba. Ga gawayi, ga ɓawo, ga tsingaro, ga tsiron da ya tono gefen kabarin wansa Kalla a kurmi. Ina laya? Ina gashin kaza? Alƙasim, kai ne mai ido, taho ka nuna muna."

Alƙasim ya tona da sanda, ya sake tonawa, ya ce rana ta yi, yana da aiki a gona. Maigari ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Malam Habu dai bai saki fuska ba. Sai Furera ta amshi wuƙa hannun Barmo, ta yanke kan tsiron daidai inda sabon toho ya fito, ta shafa wa yankan toka kamar yadda ya koya mata.

"Wanga rabi nawa ne, cikin gidanku zan dasa shi. In tsafi ne, Baba, to ɗiyarku ta shiga. Ku kore mu tare."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗiyarsa, sannan ya juya ga Barmo.

"Kai yaro, wanka Kalla, an yi mishi salla?"

"Ni na yi mishi, Baba. Ni kaɗai."

"Kai kaɗai?"

"Babu kowa. Da na dawo, ba wanda ya zo muna gaisuwa. An ce mu Azna ne."

Malam Habu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Can ya ɗaga hannuwa ya ce, "Jama'a, Fatiha ga Kalla." Dattawan duk suka ɗaga nasu. Barmo, ƙato guda, ya fashe da kuka kamar yaro.

Da aka shafa, tsohon ya ce, "Kada ku sauke hannu. Barmo, ka turo magabatanka da goro. Na ba ka ita, da ita da taurin kanta."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Ranar da za a kai amarya, Malam Habu ya riƙe hannunta ya ce, "Kin kunyata ni gaban mutane, kuma kin yi daidai. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku ɗiya masu zuciya irin taki."

Furera ta ce amin cikin lulluɓi, hawaye na zuba.