Gidan Ƙarshe a Bayan Dala

"Nasiha, ba ki da gida!"

Haka Madam Pindar, jami'ar jin daɗin jama'a, ta faɗa tana rufe fayil.

"Wallahi ina da gida Madam... gidan Kawuna ne."

"Jiya na je da ƙafata. Kin ce gidan ƙarshe kafin gonar gero. Kango na tarar, ko ƙofa babu, awaki ne a ciki! Nan za ki kai yarinya?"

Yarinyar Falmata ce, 'yar yayata marigayiya. Ranar da muka gudo daga ƙauye ta ɓace mana, sai bayan shekara guda na same ta a gidan renon yara. Wata huɗu ina sintiri ofishin jin daɗin jama'a. An yarda jinina ce, saura kawai a ga inda za ta kwana.

Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Ranar da na ba da kwatance, gidanmu ne na ƙarshe. Amma kullum 'yan gudun hijira shigowa suke, kullum ana aza bulo. Yanzu gidaje sun fi talatin a bayanmu!

"Gobe da safe za a kwashe yaran da ba su da kowa zuwa wani gari," in ji Madam. "Sunanta yana ciki."

Ni da ko ido ba na iya haɗawa da mutum, sai ga ni na riƙe hannunta gam.

"Ki zo ki gani yanzu, don Allah!"

"Ƙarfe uku ta wuce, motar ofis ta fita, shida kuma dokar hana fita. Da me za mu je?"

Da gudu na yi waje.

Yana nan ƙarƙashin dalbejiya inda ya saba jirana. Dzarma, ɗan Biu, mai keken haya mai ƙafa uku. Shi ke kai ni ofis duk wata huɗun nan. Sau biyu ya turo manyansa, sau biyu Kawu Ba'ana ya ce ba zai ba baƙo mai keke 'yarsa ba.

"Hasken idona, wa ya sa ki kuka?"

"Ya Dzarma, ba lokacin wasa ba ne... za su tafi da Falmata!"

Bai bari na gama bayani ba ya tayar da keke, ya tsaya ƙofar ofis, na fito da Madam.

"Madam, shigo, ki riƙe ƙarfe da kyau!"

A babban titi layin shingen sojoji ba a ganin ƙarshensa. Ya karya kan keke ya faɗa lungu. Muka bi ta bayan masu sayar da itace, muka ratsa filin ƙwallo, kaji na ta watsewa.

"Kai bawan Allah, keke ne wannan ko jirgi?" Madam ta yi ihu, ɗankwalinta ya zame.

'Yan kato da gora suka tare mu, suka duba katinta, suka ɗaga igiya. Muna shiga sabuwar unguwa yashi ya kama taya. Muka sauka muka tura, har da Madam da takalminta mai tsini!

Muna tsayawa ƙofar gida, Jannat 'yar Kawu ta leƙo. Madam ta nuna ta da biro.

"Ke! Ba ke na tambaya jiya ba, kika ce ba ki san wata Nasiha ba, in ƙara gaba?"

Jannat ta sunkuyar da kai. Na daɗe da sanin tana jin haushin ni Dzarma ke kallo ba ita ba, amma ban zaci abin zai kai kan marainiya ba.

Kawu da ke zaune a tabarma ya yi mata wani kallo, ta shige ɗaki sum-sum.

Madam ta duba ɗakina, ta taɓa gidan sauro, ta buɗe randa, ta leƙa banɗaki.

"Gida ya yi. Amma nan ba asibiti, ba makaranta kusa, kuma duk wata sai an kawo mana ita mun gani. Dole in rubuta sunan wanda zai riƙa kai ta."

Kawu ya dubi ƙafarsa mai ciwo.

"Rubuta sunana," Dzarma ya faɗa daga zaure.

"Ɗan gida takarda ke nema, ba ɗan haya ba. Kai mene ne a gidan nan?"



Kawu ya daɗe yana kallonsa, yashi har gwiwa, riga sharkaf da gumi. Sannan ya gyara hula.

"Rubuta surukina."

"Kawu!"

"Ke rufe mini baki. Kai kuma, Juma'a manyanka su dawo."

Na rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mini. Madam ta sa hannu a takarda.

"To ango, tashi ka mayar da ni kafin sojoji su kwana da mu!"

Washegari motar yara ta tashi babu Falmata. Tana kan cinyata a bayan keke, tana buga ƙafa tana ihu.

"Ƙara gudu! Ƙara gudu!"

Ya waigo ya kalle mu, mu biyu, ya ƙara rage gudu.