Aron Baki a Masana'antar Bokiti

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan Maris, ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, abu na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan Mai Bokiti. Yana zaune a tsakar gida, ya cire takalmi ɗaya, bai kai ga na biyun ba. Matarsa tana kwashe shanya. Abin ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da ƙafarsa. Ba dutse ba ne. Dunƙulen baƙar roba ne, irin wanda ke daskarewa a cikin inji idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi.

"Yaran unguwa ne," in ji matarsa, ba ta ko juyo ba.

Ya jujjuya dunƙulen a hannunsa. Ya san inda irin waɗannan dunƙulen suke, kuma ya san kaurin simintin da ke kansu, domin shi ya tsaya aka zuba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan da masana'antarsa. Shekara goma sha tara ke nan yana yin bokitan roba a wurin, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Injuna huɗu gare shi, duka na hannu ya sayo su. Uku sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Wuta ce ta kashe biyu, don takan tafi ba sallama ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Na ukun kuwa wani ɗan ƙarfe ne ya karye a cikinsa, aka aika waje neman irinsa, wata tara shiru. A kasuwa kuma bokitan ƙetare sun cika rumfuna, masu ƙyalli, marasa nauyi, sun fi nasa araha. Injin na huɗu kaɗai ke numfashi, shi ma albarkacin 'yarsa ta fari, wadda ta karanci aikin injuna, ma'aikata ke kiranta Injiniya.

Sai ga labari ya zo cewa wasu masu zuba jari, mutum uku, suna zagaya ƙananan masana'antu suna neman wadda za su sa hannu a ciki. Mai Bokiti ya dubi injunansa matattu da tulin dattin roba da ya kai ƙirjin mutum, kunya ta kama shi tun baƙin ba su iso ba. Ya sa aka yi wa matattun fenti, aka haɗa musu waya yadda za su riƙa ruri babu komai a cikinsu. Bayan kowanne aka rataya tamfol, aka zaunar da ma'aikaci a ɓoye da tarin bokitai, yana turo su ɗaya ɗaya ta kwararon da sabon bokiti ke gangarowa. Bokitan nan na ƙetare ne, ya sayo a kasuwa aka kankare tambarinsu, domin nasa masu kauri ne, kuma a idonsa ba su da kyan gani.

Saura datti. A bayan masana'antar akwai wata tsohuwar rijiya da ba a ɗibar ruwanta. Ya ce a zuba komai a ciki, har da durom biyu na baƙin mai, a rufe da siminti. Foman, shugaban ma'aikata, wani dattijo da suka fara aikin tare, ya biyo shi gefe.

"Maigida, rijiyar nan fa ba kango ba ce. Tun kafin mu kafa harsashi akwai masu ita. Ka ba ni kwana uku in samo motar kwasar shara."

"Jibi baƙi za su zo, kana ce mini kwana uku? In kana da 'yan uwa a ciki ka gaya musu su tashi."

Ma'aikata suka yi dariya. Aka zuba, aka rufe, aka shafa koren fenti, aka jera tukwanen furanni shida a kai.

Injiniya ce kaɗai ke jin harshen baƙin sosai, don haka ita zai sa ta zagaya da su. Ta ce, "Baba, mu nuna musu na huɗun kawai. Yana aiki, kuma namu ne."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta sunkuyar da kai. Ranar da suka zo ta zagaya da su, suka tambaya ko duka huɗun suna aiki, ta ce duka suna aiki. Baƙin suka yi murna, suka ce za su dawo Litinin ta sama a sa hannu a takardu. Washegarin tafiyarsu ne dunƙulen farko ya faɗo.

Laraba guda uku suka faɗo, a daidai wannan lokaci. Alhamis tara. Mai Bokiti yana tsincewa yana zubawa a buhu yana ɓoyewa a ƙarƙashin gado, kamar mai ɓoye kayan sata. A yammacin Alhamis ɗin, bayan jifan ya tsaya, rana ta yi ja, unguwa ta yi tsit, sai suka ji ƙarar inji. Babu wuta a unguwar tun azahar, janareta kuma a kashe yake. Mai Bokiti ya gane ƙarar, domin injin na uku yana da wani tari da yake yi bayan kowane bugu bakwai, kuma rabon da ya ji tarin nan wata tara ke nan. Ba daga masana'anta ƙarar ke fitowa ba. Daga ɗakin Injiniya take fitowa.

Matarsa ce ta tura ƙofar. Yarinyar tana zaune a ƙasa ta tanƙwashe ƙafafu, ta lulluɓa da zanen gado kamar mai ɓuya a bayan tamfol. Hannuwanta suna ɗaukar abin da babu, suna turawa gaba, su ɗauko su tura, su ɗauko su tura. Ƙarar injin daga ƙirjinta take fita. Ɗakin duk warin baƙin mai.

"Innalillahi," uwar ta faɗa a hankali. "Baban yara, me kuka yi a wurin can?"

"Babu komai. Gajiya ce."

Ranar Juma'a ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta ce uffan ba. Da aka kawo mata ruwa a ɗaya daga cikin bokitan ƙetaren da suka rage a gida, ta dube shi ta yi wata dariya da ba tata ba, bokitin ya tsage daga baki har gindi ba wanda ya taɓa shi. Matarsa ta tsaya cikin ruwan da ya malale, ta dubi mijinta.

"Shekara ashirin da bakwai ban taɓa zuwa wurin kowa ba tare da izininka ba. Gobe zan je, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

Foman ne ya raka ta. Asabar bayan la'asar suka dawo da wani malami, tsoho siriri mai raunin ido, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya ƙi kujera, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya sa uwar ta riƙe kafaɗun 'yarta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida, ta ci duka. Ƙarfe shida da minti ashirin ƙarar injin ta tsaya cak, yarinyar ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, alhali an riga an ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, a dushe, kamar daga ƙasan wani abu mai zurfi.

"Wace ce ke?"

"Mai rijiya. Ina can tun wurin nan yana daji. Da suka zo da injunansu na haƙura da ƙara. Da hayaƙi ya zo na haƙura. Shekara goma sha tara ban karya wa kowa ko yatsa ba. Jikana yana barci aka kwararo masa baƙin mai a fuska, aka rufe mu da dutse, aka ɗora mana furanni."

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinyar nan ba ita ta zuba ba. Da wane haƙƙi kike magana da bakinta?"

Kan yarinyar ya juya a hankali har idanunta suka tsaya a kan ubanta, wanda ke raɓe jikin bango.

"Tambayi wancan. Shi ya fara aron bakin nan, ni ta biyu ce. Na same shi a buɗe. Ya sa ta ta ce wa baƙi matattu suna da rai. Tun ranar ba ta son bakinta, ta bar shi kamar ɗakin da aka tashi daga ciki, ni kuwa an rushe mini nawa."

Daga nan ta zayyana komai, dalla-dalla, fenti da tamfol da tambarin da aka kankare, har da abin da ya ce wa Foman a kan 'yan uwansa. Ƙarar ta tara maƙwabta a ƙofar gida, duk suna ji. Mai Bokiti ya so ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya duban matarsa ba, sai ya dubi takalmansa.

"Me kike so ki fita?" Malam ya tambaya.

"Ya kwashe injunansa ya bar mini filina."

"Wannan ba zai yiwu ba. Mutum ashirin da uku ke ci a wurin, su ba su yi miki komai ba."

"Sun yi dariya."

"Sun yi. Wanda ke ba su abinci ne ya yi ba'a. Rage sharaɗin."

Sauro ya fara kuka.

"To, a buɗe mini gidana, a kwashe har ƙasa. Shi zai shiga da kansa, ba ɗan kowa ba. Kuma maganar da aka faɗa da bakin nan, a mayar da ita da bakinsa, a gaban waɗanda aka gaya wa. In ya yi na tafi. In ya rage ko kalma ɗaya, ni da yarinyar nan mun zama ɗaya."

Malam ya juya ga Mai Bokiti. "Ka ji. Ni karatu na iya, wannan kuwa ba nawa ba ne."

Mai Bokiti ya ga takardun Litinin, ya ga sababbin injunan da ya daɗe yana gani a mafarki. Abin da ya fi cinsa daga baya shi ne bai amsa nan take ba. Ya yi jinkiri kamar na numfashi biyar, kuma matarsa ta lura.

"Na yarda," ya ce.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Warin man bai bar ɗakin ba.

Lahadi da hantsi aka fasa simintin da diga. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu ya sauka, ma'aikata suna ja daga sama, ba mai dariya. Da bokitan ƙetare aka fara, don suna nan tuli. Na farko mariƙinsa ya cire, na biyu ya tsage, na uku ya juye masa baƙin mai a ka. Foman ya tafi sito, ya ɗauko guda ɗaya ja mai kauri, aikin injin na huɗu. Bokitin nan ne ya yi ta hawa da sauka har Litinin da azahar, ko tsagewa bai yi ba.

A haka baƙin suka sami Mai Bokiti, baƙi wuluk daga kai har ƙafa. Da ɗan guntun harshensu da ya iya, yana haɗawa da hannu, ya zagaya da su. Ya yaye tamfol, ya nuna musu inda aka zaunar da mutane, ya buɗe cikin matattun injuna, ya nuna tambarin da aka kankare. Ya ce 'yarsa ta hana shi, shi ya tilasta ta. Babbansu, wata mata mai furfura, ta ɗauki jan bokitin ta jujjuya shi, ta danna gindinsa da babban yatsa, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan wa ya yi shi?"

"Mu."

"Masana'antar da ke buƙatar injuna muka fito nema," ta ce. "Da ka nuna mana ɗaya mai rai da uku matattu da bokitin nan, da mun san inda za mu sa hannu. Yanzu ba mu san wace maganarka za mu ɗauka ba."

Ta ajiye bokitin a hankali. Suka shiga mota.

Da yammar ya zauna a tsakar gida yana kallon agogo. Shida da minti ashirin ta yi, ta wuce, kwano bai ce komai ba. Sai ya ji muryar 'yarsa, tata ta ainihi, tana ce wa uwarta ta ba ta ruwa. Bai shiga ɗakin ba. Ya ji kunyar ta gan shi.

Labari ya bazu, 'yan kasuwa da dama suka janye, ma'aikata suka watse neman abin yi. Bayan wata uku, ga waɗanda suka rage: Mai Bokiti, wanda ya daina zama a ƙofar masana'anta inda masu wucewa za su gaishe shi, matarsa, wadda ba ta taɓa tayar da maganar numfashi biyar ɗin nan ba, kuma ba ta manta ba, Foman, ma'aikata shida cikin ashirin da uku, injin na huɗu, mai rijiya da jikanta, a ƙarƙashin murfin katako da ba a ɗora komai a kai, da Injiniya, wadda ta koma bakin aiki, tana gaida ubanta kowace safiya da ladabi, amma idan baƙo ya shigo ya yi tambaya, sai ta nuna masa uban da hannu, ta koma ƙarƙashin injinta.