Tambayar da Rayyanu Ya Yi

Tun da aka kira Nabila daga Yamai ta rasa sukuni. In ta zauna sai ta miƙe, in ta ɗauki tsintsiya sai ta manta da ita a tsakar gida. Aiki ne a ofishin tattara bayanan sirri na gwamnati, mai nazarin rahotanni, kuma saura antretiyen kawai, wato ganawar tantancewa.

Da la'asar Rayyanu, wanda zai aure ta, ya taso daga lakwal ɗin da yake koyarwa a Mayahi, ya zo gidansu a Tasawa. Suka zauna a zaure, yana yi mata tambayoyi kamar shi ne mai ɗaukar aikin.

"Madmazel, in rahotanni biyu suka saɓa, mi za ki yi?"

"Sai in duba tushen kowane, ba zan..."

"To, cikin na kusa da ke akwai mai saɓa doka?"

Ta yi dariya, amma shi bai yi ba.

"Rayyanu, mi ke nan?"

"Za su tambaya, Nabila. Har wanda za ki aura sai sun bincika. Kin san wana, Yaya Na Allah, da jarkokin esans ɗinshi, fetur ɗin da yake fasa-ƙwauri daga tsallaken iyaka. Duk Tasawa an san shi."

Ta daina dariya.

"Na yi tunani, abar ƙaunata," ya ce yana kallon ƙasa. "Ki ce masu ba ki da kowa. Ni zan janye... Babanki ya sha rana a gona kafin ki kai nan. Ba ni zan zama sanadi ba."

"Haka kawai za ka bar ni?"

Ya miƙe. Ya tayar da moto ya tafi.

Washegari ta kasa karatu, ta kasa cin tuwo. Ta bi mahaifinta gona, ta same shi yana ɗaurin damin hatsi, ta zayyana masa komai tana kuka.

"Baba, in na faɗi gaskiya wahalarka ta tashi banza."

"Auta," ya ce, bai daina ɗaurin ba, "ban sa ki lakwal don ki koyo ƙarya ba. Yaron nan kina son shi?"

"Ina son shi, Baba."

"To tahi."

A Yamai mutum uku ta tarar bayan tebur. Ta gaishe su ta zauna. Ta amsa abin da ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Can wata mace mai tabarau ta ɗago.

"Kina da wanda za ki aura?"

"Ina da shi, sunansa Rayyanu. Malamin lakwal ne. Yayansa kuma fasa-ƙwaurin esans yake yi."

Matar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta sallame ta.

Sai bayan kaka amsa ta zo: an ɗauke ta, amma ba za ta taɓa aikin da ya shafi jiharsu ta Maradi ba.

Da kanta ta je ƙofar lakwal. Rayyanu ya fito da alli a hannu, duk ya rame.

"Sun tambaya?"

"Sun tambaya. Na ba su sunanka."

Idanunsa suka cika da ƙwalla. "Nabila... ban cancanta ba."

"Wannan kuma Baba za ka faɗa wa. Ya ce ka turo magabatanka ranar Juma'a, har da Yaya Na Allah."